Yadda Za Ka Sa Wanda Ya Ce Maka "To" Ya Koma Ya Ce "A'a"

Ɗalibi, matso kusa. Littattafan muhawara sun yi yawa, kuma duk abu ɗaya suke koya maka, wato yadda za ka jawo mai gardama ya dawo bayanka. Wannan aikin ƴan koyo ne. Abin da zan koya maka yau ba kowa Allah ya ba ba: ka sami mutum ya riga ya yarda da kai, har ya miƙo hannu, kai kuma ka yi ta magana har ya janye hannun. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi ba ka tsallake ko ɗaya ba, sakamako tabbas ne. An gwada dabarar a ƙasar Arewa a gaban shaidu, kuma ta ci.

Wanda ya gwada ta wani malamin Faransanci ne a wata lise, wato makarantar sakandare, ta Dogon Dutsi, ana ce masa Mushe Zakariya, don a can Mushe ake ce wa malamin boko. Tun kafin ka fara zargi, ba ni ba ne. Gaskiya tsawonmu ɗaya, kuma ni ma ina da baƙar jaka mai karyayyen zip, amma irin jakar nan ta cika gari.

Shekara goma sha ɗaya Mushe Zakariya yana riƙe da ƙungiyar muhawara ta makarantar, kowace Laraba da yamma, a ajin da fankarsa ta daina juyawa tun zuwansa. A shekarun nan duka ɗalibansa ba su taɓa wuce zagayen gasa na Dutsi ba. Sai bana Allah ya kawo masa Sahura, ƴar wani ƙauye ta wajen Sukukutane, wadda ke zaune wurin gwaggonta a gari saboda karatu. Ba ta da yawan magana, amma in ta miƙe sai ka ga abokin karawarta ya fara laluben takardunsa. Ta cinye zagayen Dutsi, aka kira su Doso gasar ƙarshe ta jiha. Abu ɗaya ya rage: takardar izinin uba, da sa hannu ko dangwalen yatsa, ta isa teburin shugaban makaranta kafin Laraba. In babu takarda, Sahura ba ta tafiya.

To, buɗe kunnenka.

Mataki na ɗaya: Kada ka yarda abu yana da sauƙi

Ranar Alhamis Sahura ta same shi a bakin aji yana kakkaɓe alli daga hannun riga.

"Mushe, ku ba ni takardar in kai ma Baba ran assabar. Na gaya mai ta waya, ya yarda."

"Ya yarda? Wace hujja kika ba shi?"

"Ban ba shi hujja ba, Mushe. Na ce za mu Doso gasa, yac ce to, Allah shi ba da sa'a."

A nan malami marar gogewa zai miƙa takarda ya wuce cin abincin rana. Kai kada ka yi haka. Ka tuna shekarun da ka kwashe kana karatu a Yamai, ka tambayi kanka: in yarinya za ta gama magana da jimla ɗaya a waya, kai mene ne amfaninka? Mushe Zakariya ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce mata yardar da ba a gina kan hujja ba rumfar kara ce, iskar farko za ta kwashe ta. Ya tura takardar cikin jaka, ya ce shi da kansa zai je ƙauyen ya yi wa yardar nan tushe.

Mataki na biyu: Ka rubuta jawabi, ka raba shi uku

Duk wanda ya bi ta lakol, wato makarantar boko, a ƙasar nan ya san tsarin, tun muna ƙanana aka dasa mana shi. Tez, ka faɗi abin da kake so. Antitez, ka juya ka rushe abin da ka faɗa da hannunka, don a san kai adali ne. Sentez, ka dawo ka sulhunta su biyun, ka nuna tun farko kai ke da gaskiya. Da wannan tsari ake cin jarrabawar bak, kuma Mushe Zakariya bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko ana cin wani abu daban da shi ba.

Yammacin Alhamis da yinin Juma'a yana rubutu. Tez ya ci shafi biyu, don hujjar barin yarinya ta je gasa ba ta da wuyar faɗa, abin da ba shi da wuya kuwa ba ya ba ƙwararre sha'awa. Sentez ya ci shafi huɗu. Antitez kuwa shafi bakwai cur, domin tun yana ɗalibi a nan yake kwasar maki. Ya zuba "da farko dai" da "bugu da ƙari" da "a ɗaya ɓangaren kuma" kamar ana rabon su kyauta, ya ja layi da jan bik, wato biro, a wuraren da zai sassauta murya.

Matarsa ta leƙo da kwanon abinci, ta ƙirga shafukan da ido, ta ce, "Wai duk wannan don mutum shi dangwala yatsa?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya. Ka riƙe a ranka cewa tsawon jawabi shi ne shaidar girmama mai sauraro, wanda ka yi wa maganar minti biyu raina shi ka yi.

Mataki na uku: Kada ka tambayi ko wane ne za ka yi wa magana

Littattafai za su ce maka ka san mai sauraronka, ka san abin da yake so da abin da ke yi masa ciwo. Rabu da su. Mai sauraro kunne biyu ne da kai mai gyaɗawa, sauran duk ɓata lokaci ne.

Ranar Juma'a bayan an tashi Sahura ta sake tare shi, tana murza bakin hijabinta.

"Mushe, in kun tahi, don Allah kada ku tada zancen nesa da gida. Akwai maganar yayana Issa, wanda..."

Ya ɗaga mata tafin hannu, kamar yadda yake yi a aji in lokacin mai magana ya ƙare.

"Sahura, ƙa'ida ta nawa na koya muku? Hujja ba ta da dangi. Labarin gida a bar shi gida."

Ta bar maganar, don yarinya ce mai ladabi. Kai ɗalibi ka riƙe sunan nan, Issa. Mushe Zakariya bai riƙe shi ba.

Mataki na huɗu: Ka gwada jawabin a kan wani, in ya gargaɗe ka ka ɗauka yabo ne

Asabar da hantsi ya sa kwat, ya ɗaure wuya da karabat, a tsakiyar bazara. Ya ɗauki kabu-kabun Mukhtar, wani dattijo mai furfura da ƴaƴa mata biyar, wanda ya san hanyar Sukukutane tun kafin a fara saya wa yara waya. Suna barin kwalta suka faɗa rairayi, Mushe ya kafa baki a kunnen Mukhtar ya fara bita.

Tez ya wuce lafiya. Antitez ya fara, babur ya rage gudu. A shafi na biyar Mukhtar ya kashe inji ƙarƙashin wata aduwa, ya juyo gaba ɗaya.

"Mushe, wagga tahiya ta Doso, wane marar imani yas shirya ta?"

"Ni ne."

"Kai? To ni dai in ɗiyata ta, ko bakin kwalta ba ta zuwa."

Mai hankali zai sha jinin jikinsa a nan. Mushe Zakariya kuwa baki har kunne. "Ka ga ƙarfin antitez ke nan! Bari ka ji sentez, zai wanke maka komai." Sai dai daga nan rairayi ya yi zurfi, suka sauka suna tura babur, kuma mutumin da ke tura babur cikin kwat ba shi da numfashin sentez. Haka Mukhtar ya isa ƙauyen yana adawa da tafiyar.

Mataki na biyar: In ya miƙo hannu, ka tare shi

Wannan shi ne mataki mafi haɗari, da yawa a nan suke faɗuwa su yi nasara ba da niyya ba.

Malam Iro, mahaifin Sahura, dogo ne siriri, manomi mai ƴan tumakinsa. Ya shimfiɗa sabuwar tabarma ƙarƙashin gawo, ya kira maƙwabtansa dattawa biyu don su ga malamin ɗiyarsa, aka kawo fura mai sanyi, daga cikin gida kuma ƙamshin zabo yana tasowa. Aka yi azahar, aka ci aka sha, aka gaisa gaisuwar da ta tambayi gida da aiki da rana da gajiyar hanya. Sannan Malam Iro ya gyara zama.

"Mushe, yarinya ta gaya min komi. Mun ji, mun gode, Allah shi saka. Ina takardar?"

Ya goge babban yatsansa a jikin riga ya miƙo shi. Mushe ya fito da takarda, ya buɗe ɗan gwangwanin tawada. Tsakanin yatsan Malam Iro da tafiyar Sahura Doso bai kai taƙi ɗaya ba. Sai idon Mushe ya faɗa cikin jaka, ya ga shafi goma sha uku a kwance, da jan layinsu, babu wanda ya ji su sai mai kabu-kabu.

Ya rufe gwangwanin.

"Baba, kada ku yi gaggawa. Mutum mai daraja irinku bai kamata ya yarda da abu ba sai ya ji ɓangarorinsa duka."

Malam Iro ya dubi yatsansa, ya dubi maƙwabtansa, ya ce, "To, Mushe, kai kas sani."

Yanzu ka miƙe tsaye. Na san dattawa suna zaune, na san a gidanku ba a tsaya wa babba a ka, amma a aji haka ka koyar. Ka kafe su da ido, ka riƙa nuna su da yatsa in ka zo wurin da ka ja wa layi. In ka ga sun sunkuyar da kai don kunyar abin da kake yi, ka ɗauka nazari suke.

Mataki na shida: Ka gaggauta gaskiyarka, ka zuba zuciyarka a kishiyarta

Tez bai ɗauki minti shida ba. Ilimi haske ne, yarinya haziƙa ce, sunan ƙauye zai fito. Dattawa suka ce "haka na, haka na", Malam Iro ya sake goge yatsa. Sai Mushe ya ja numfashi, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Amma."

Ban taɓa jin mutum ya yi magana kamar yadda Mushe Zakariya ya yi a yinin nan ba. Wato an ba ni labari.

"A ɗaya ɓangaren kuma, Baba, mene ne Doso? Doso hanya ce. Hanya kuwa mota ce. Mota kuwa direba ne. Direba kuwa ɗan Adam ne mai gyangyaɗi."

Wannan dabara sunanta hawa tsani, ka rubuta ta. Daga mota ya gangara kan makwanci, ina yarinya za ta sa haƙarƙarinta, wa ya san masu gidan. Daga nan abinci, daga nan bakin mutane, abin da za a faɗa a bakin rijiya in an ji ɗiyar Malam Iro tana tsaye gaban maza tana ɗaga murya. Ya tambaye su, yarinyar da ta ƙware a gardama, in ta dawo gida da wa za ta yi gardamar? Wani dattijo ya ce "lalle kam" ba tare da ya shirya ba.

Sai ya iso shafi na tara, inda jan layi ya fi yawa. Ya sassauta murya yadda ya tsara.

"Kuma ku tambayi kanku, Baba. Wanda ya ga Doso, ba zai so ganin Yamai ba? Wanda ya ga Yamai, me zai hana shi gangarawa bakin teku? Haka ɗa ke fita gida da 'sai na dawo'. Waya ta yi ta ƙara wata uku, wata shida, sannan ta yi shiru. Uba ya koma zama bakin hanya yana duban duk motar da ta tsaya."

Shi a ransa ƙirƙira ya yi, hoto ne ya zana don ado. Dattawan nan biyu suka dubi ƙasa, ɗaya ya yi salati a hankali. Malam Iro ya naɗe babban yatsansa cikin tafin hannu ya rufe, idonsa ya kawo ruwa, ya juya fuska wajen tumaki.

Littattafai suna kiran wannan taɓa zuciyar mai sauraro, kuma shekara goma sha ɗaya Mushe yana koyar da shi bai taɓa gani da idonsa ba sai ranar. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi ya ji. Daɗin nan ne har yau in ya tuna shi abinci ke fita ransa.

Mataki na bakwai: Ka auna lokaci yadda salla za ta raba ka da ƙarshen maganarka

Ya juya shafi na goma, inda sentez ya fara, inda zai rushe duk abin da ya gina ya dawo da yarinya cikin mota. Ya ce, "To amma duk da haka, Baba..."

Ladan ya kira la'asar.

Babu mai muhawara da ladan. Dattawa suka miƙe suka ɗauki butoci. Aka yi salla, kowa ya fito, Malam Iro ya daɗe a ciki. Da ya dawo bai zauna ba.

"Mushe, ka yi min alheri. Ni ban yi lakol ba, ban yi wanga tunani ba sai da kaz zo. Yarinya ba ta zuwa."

"Baba, ai ban gama ba! Wancan antitez ne, ba ra'ayina ba ne. Saura sentez, shafi huɗu kawai."

"Ba ra'ayinka ba na? To ƙarya kay yi muna?"

"A'a, ba ƙarya ba ce, Baba, tsari ne. Haka ake yi."

"To tsaya in tambaye ka, don kaina ba shi ɗaukar magana da yawa. Maganarka biyu. In ta hwarko ita ta gaskiya, don mi ka hwaɗi ta biyu? In ta biyu ita ta gaskiya, don mi kaz zo?"

Mushe Zakariya yana da darasi guda cur a kan amsa tambayar bazata, da misalai da komai. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A gaskiya, Baba, tambayar nan tana da ɓangare biyu."

Mukhtar ne ya ja shi ta bayan kwat. Malam Iro ya rako su har bakin babur, ya sa aka naɗo sauran zabon a takarda aka ba Mushe ya kai wa iyali, ya yi masa addu'ar sauka lafiya. Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Sun yi nisa cikin rairayi kafin Mukhtar ya yi magana, bai ko juyo ba.

"Na ji a masallaci. Ɗanai na hwari, Issa, shekara tara ke nan da tahiya Kwatano. Wata shida ana jin shi ta waya, daga nan shiru har yau. Bakin hanyar da kac ce, can Malam Iro ka zamna duk ran kasuwa."

Ɗalibi, in ka kai nan ka gama. Ka sami "to", ka mayar da ita "a'a", ka haɗa da tone wa dattijo ciwon shekara tara a gaban maƙwabtansa. Sauran matakan biyu na kwashe tarkace ne.

Mataki na takwas: Ka bar wadda ka ɓata wa ta gyara

Lahadi da safe ya je gidan gwaggon Sahura. A hanya ya shirya bayani mai kashi uku a kan yadda abin ya faru, amma da yarinyar ta fito zaure ta durƙusa ta gaishe shi, bayanin ya watse. Ya faɗa mata yadda aka yi tiryan-tiryan, har da shafi na tara. Ba ta yi kuka a gabansa ba, ta dai daɗe tana kallon takalminsa da ya sha rairayi.

"Mushe, ku ba ni takardar. Da tawadar."

Maganar da ta yi masa tun ranar Alhamis ke nan. Wannan karon ya miƙa mata.

Litinin ta shigo aji a makare, ƙurar hanya har gira, ta ajiye takardar a teburinsa. A ƙasanta ga dangwalen yatsa shuɗi, babba, an danna shi da ƙarfi har ya huda bayan takardar da laima. Ya jira aka tashi, sannan ya tambaye ta da muryar da ba ta malami ba.

"Wane tsari kika bi?"

"Na iske shi shina ba tumaki dusa, na kama mai. Da munka ƙare nac ce, Baba, Doso za ni, ba Kwatano ba. Lahadi kahin la'asar ina gabanka. Sai yac ce in kawo tawada."

"Shi ke nan? Babu gabatarwa?"

"Shi ke nan, Mushe." Ta sake murza bakin hijabi. "Sai dai akwai sharaɗi. Yac ce ku yi haƙuri, ba shi ba da ɗiyatai ga mai magana biyu. Sai dai wani malami shi raka mu."

Shugaban makaranta bai ɓata lokaci ba, ya zaɓi Madam Ladidi, malamar lissafi. Matar nan shekara shida ana taron malamai da ita, abin da aka taɓa ji daga bakinta bai wuce "ba daidai ba ne" da "na yarda" ba. Ita za ta kai ƙungiyar muhawara Doso.

Mataki na tara: Ka tsaya a tasha

Ranar Juma'a ka riga kowa zuwa. Ka ɗauki jakunkuna, ka yi faɗa da kamasho a kan kujerar gaba, ka miƙa wa Madam Ladidi shawarwari shafi ashirin da ka rubuta mata. Za ta karɓa ta ce ta gode, kafin mota ta tashi za ka ga tana fifita da su. Ka ɗaga hannu har motar ta hau kwalta ta ɓace. Shekara goma sha ɗaya Mushe Zakariya yana ganin kansa a cikin motar nan, da kwat ɗinsa da komai, ranar da ta tashi kuwa yana tsaye kusa da mai sayar da rake. Ya ji zafin abin ƙwarai, kuma ya san babu wanda zai kai ƙara.

Asabar da yamma Madam Ladidi ta aiko da saƙon waya mai kalma biyu: "Na biyu." Ya kira ya kira don ya ji wace hujja aka kawo, wace aka rusa, ba ta ɗauka ba.

Lahadi tun da hantsi ya koma tasha, ya zo da Mukhtar ya ajiye shi a inuwa, babur cike da mai, an juya kansa wajen arewa. Ba kofi ne ke ransa ba. Yarinya ta ce wa ubanta kafin la'asar, kuma shi ya san irin zaman da ake yi a bakin hanyar can, tun da shi ya zana shi da bakinsa. Sha ɗaya ta wuce, babu mota. Sha biyu ta wuce. Ya zagaya tashar nan har kamasho ya ba shi benci. Ana kiran azahar motar Doso ta shigo tana hayaƙi, ashe taya ce ta fashe musu a hanya.

Sahura ta sauko da ƙaramin kofi a hannu, ƴan ajinsu suka yo kanta da guɗa, shugaban makaranta yana gyara hula don hoto. Ta hango Mushe, ta nufo shi tana cewa, "Mushe, a zagaye na ƙarshe sunka ce..."

Duk duniya babu abin da yake son ji kamar ƙarshen jimlar nan. A aljihunsa kuma akwai jawabin tarba, shafi uku. Ya karɓi jakarta ya ɗaure a bayan babur, ya ce, "Hau. Ku tahi."

Shi ne jawabi mafi gajarta da ya taɓa yi a rayuwarsa, kuma shi kaɗai ne aka bi nan take ba a yi gardama ba.

Washegari Mukhtar ya ba shi labari. Sun sami Malam Iro a bakin hanya, a kan wani kututture, mutanen wurin sun ce tun da rana ta fito yake nan. Da ya hango babur ya miƙe tsaye, da ya gane hijabin sai ya juya baya yana gyara rawaninsa da ba abin da ya same shi. Sahura ta sauka ta durƙusa ta ce, "Baba, na zo." Ya ce, "Na gani." Suna cikin tafiya gida, ita da kofi shi da jakarta, ladan ya kira la'asar.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya same ka in ka bi matakan nan. In aka hana ka abin da aka riga aka ba ka, in aka naɗo maka zabo aka raka ka bakin hanya da addu'a, in malamar lissafi ta tafi da kujerarka, kai da bakinka, kada ka neme ni. Haka kuma duk kamar da ka gani tsakanina da Mushe Zakariya haɗuwar jini ce kawai, ko da ka gan ni ranar Laraba a ajin da fankarsa ba ta juyawa.

Masu tambayar ina sentez ya kwana, yana nan cikin baƙar jaka, shafi huɗu, babu wanda ya taɓa jin sa. Kwanan baya na fito da shi, wato ya fito da shi, ya karanta da jan bik a hannu yana soke duk abin da ba dole ba. Da ya gama, layi ɗaya ya rage a ƙasan shafi na ƙarshe: "Baba, ku bar ta ta je, zan kula da ita kamar ɗiyata, in maido muku ita."

Ban soke shi ba. Ina jiran ranar kasuwa in kai wa Malam Iro, in faɗa a zaune, in yi shiru.